Ɓarawon Cikin Gida: Yadda Ake Kama Siginar Bogi a Rediyon Oba-Oba

 

Shugaban taro, iyayenmu a wannan sana'a da suka riga mu riƙe ƙarfen dalma, abokan aiki, da ƙannenmu masu koyo da na hango sun cika kujerun baya, barkanku da zuwa. An ba ni wannan lokaci in yi magana a kan wata cuta ta rediyon oba-oba mai cin kuɗin mai kaya, ta kuma zubar da mutuncin mai gyara, alhali sau da yawa maganinta bai wuce noti biyu da ɗigon dalma ba. Cutar ita ce rediyo ya riƙa kama siginar da shi da kansa ya haifa a cikinsa, ya ɗauka daga waje ta zo.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Shekarun baya shugaban masu gadi na wata masana'anta a Bompai ya aiko a kira ni. Suna da babban rediyo a girke a ɗakin bakin ƙofa, masu gadi kuma kowa da ƙaramar oba-oba a kugunsa. Da safe komai lafiya lau. Da zarar an yi azahar sai koriyar fitilar nan mai nuna tasha a cike ta kama ci, ba wanda ke magana, kuma masu gadin da ke can ƙarshen katanga su yi ta kira ba a jin su. Kafin in zo har sun yanke hukunci cewa wani kamfani a maƙwabta ne ya hau musu tasha. Sun sayi sabuwar eriya, sun ƙara wa ƙarfenta tsawo, sun sauya kebul tun daga sama har ƙasa, abin bai ko gezau ba. Na isa wajen ƙarfe uku, fitila na ci. Na kwance kebul ɗin eriya daga bayan rediyo, na ɗaura masa matacciyar eriya, wato rasista mai om 50 da ke cikin jakar kowane ɗayanmu. Fitila ba ta mutu ba. Na juya na ce masa, "Yallaɓai, a daina zargin maƙwabci. Ɓarawon nan a cikin akwatin yake kwana." Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Zan dawo kan yadda muka kama shi, amma sai mun fara sanin dalilin da ya sa rediyo ke jin kansa.

Makaɗan da ke cikin akwati

Yawancin rediyon da muke gyarawa an gina su ne a kan tsarin da ake kira sufahet. Tushensa tsoho ne. A 1901 wani ɗan ƙasar Kanada, Reginald Fessenden, ya fito da dabarar haɗa mita biyu a sami ta uku wadda ita ce tazarar da ke tsakaninsu. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Lucien Lévy na Faransa a 1917, da Edwin Armstrong, hafsan sojan Amurka da ke aiki a Paris a 1918, suka mai da dabarar ta zama tsarin karɓar sigina. Hikimar ita ce, ko wace tasha ka murɗa, a sauko da ita zuwa mita guda tsayayyiya, mitar tsakiya, inda aka tanadi matata mai kyau da ƙarin ƙarfi. A oba-oba za ku tarar mitar tsakiya ta farko megahaz 10.7 ce, ko 21.4, ko 45, ta biyu kuma sau da yawa kilohaz 455.

Wannan hikima ba ta zo a banza ba. Kafin ka sauko da sigina dole ka ajiye osileta a cikin akwatin, kuma kowane osileta ƙaramin gidan rediyo ne mai watsa tasa siginar. Ni nakan kira su makaɗa. Mu ƙirga su. Akwai makaɗi na farko, wanda ke sauya mita duk lokacin da ka sauya tasha. Akwai na biyu, mai kiristal, wanda ba ya motsi: in mitar tsakiya 10.7 ce, shi 10.245 ne, domin in ka cire wannan daga waccan kilohaz 455 ce ke saura. Akwai kiristal ɗin ma'auni da na farkon ke dogara da shi, irin su 12.8, 14.4, 16.8 ko 19.2. Akwai agogon furosesa, ƙwaƙwalwar da ke kula da maɓallai da allon rubutu. Sannan a rediyon zamani akwai sashen sauya ƙarfin wuta mai kunnawa da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Makaɗa biyar ke nan a ɗaki guda, wani lokaci ɗakin bai fi tafin hannu ba.

Kuma babu makaɗin da ke tsayawa a kan mitarsa kaɗai. Yana fitar da ninki biyu nata, ninki uku, ninki goma, har ninki ashirin da ɗoriya, kowane ninki na raguwa da ƙarfi amma bai mutu ba. Agogon furosesa ya fi kowa wannan hali, saboda bugunsa mai kusurwa ne, tashi tsaye da faɗuwa tsaye, kuma irin wannan bugu cike yake da ninki, musamman na mara: 3, 5, 7, har gaba.

Yanzu ku auna da kunnen da ke sauraro. Rediyo mai lafiya yana jin siginar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na maikirobolt ba. Agogon furosesa kuwa yana bugawa da bolt 3.3 ko 5. Tsakanin bolt 5 da rubu'in maikirobolt akwai tazarar sau miliyan 20. Kamar a zaunar da mutum a ce ya saurari raɗa daga wancan ƙauye, alhali ana kiɗan ganga a ɗakin da yake zaune. Abin mamaki ma shi ne yadda yawancin tashoshi ke fitowa tsaf. Abin da ke hana ɓarna shi ne murfin kwanon da aka kifa a kan kowane sashe, da layin ƙasa mai kyau, da ƙananan kafasita da ke shanye hayaniya a kan layin wuta, da kuma lissafin injiniyoyin da suka zaɓi mitoci don ninke-ninken su faɗa inda ba kowa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya sami matsala, to bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Yadda cutar ke bayyana

Turawan wannan sana'a suna kiran irin wannan sigina da sunan ɗan tsuntsu. Sunan ya samo asali ne daga tsofaffin rediyon gajeren zango: kana murɗa tasha a hankali sai ka ji fito siriri ya taso, ya yi ƙasa, ya sake hawa, kamar tsuwar tsuntsu. Har littattafan wasu rediyon binciken tashoshi sukan zo da jerin mitocin da ke da wannan tsuwa, don mai saye ya tsallake su.

A oba-oba, wadda da FM take aiki, ba safai ake jin fito ba. Shiru ake ji, kuma shi ya sa mutane ke ruɗewa. Ka buɗe takunkumin sauti, abin da muke kira sikwelci. A tasha mai lafiya da ba kowa a kanta za ka ji shuuu mai ƙarfi. A tasha mai cuta shuuu ɗin ya ragu ko ya ɗauke ɗif, kamar wani ya danne maɓallin magana ya ƙi cewa komai. In ana binciken tashoshi, rediyo zai riƙa cijewa a wuri guda kullum. In kuma an sa wa tashar muryar sirri, ƙaramin sautin nan na tsakanin haz 67 zuwa 254 da ke buɗe lasifika, cutar takan ɓuya gaba ɗaya: lasifika a rufe, mai kaya bai ji komai ba, sai dai fitila na ci. In an kunna tsarin hana magana a kan tasha mai cike, rediyon zai ma ƙi aikawa, a kawo maka shi a ce sashen aikawa ya ƙone.

Ɓarna mafi girma ita ce raguwar nisa. FM na da halin bin mai ƙarfi: in sigina biyu suka haɗu a tasha ɗaya, wadda ta fi ƙarfi ke danne ɗayar. Mai gadin da ke kusa da ƙofa ya fi ɓarawon ƙarfi, sai a ji shi rangaɗau. Na ƙarshen katanga, wanda shi ne aka sayi rediyon dominsa, ya nutse.

Tambayar farko: gida ko waje?

Ƙannena masu koyo, kada ku kwance noti ko guda kafin ku amsa wannan tambaya. Cire eriya, sa matacciyar eriya mai om 50. Kada ka bar bakin a buɗe, domin buɗaɗɗen baki yana tsintar abin da ke kusa, kuma wasu rediyon sukan rikice in ba su ga nauyin da suka saba ba. In sigina ta ɓace, mai yiwuwa daga waje take. In tana nan daram, ka kusa tabbatarwa ta gida ce.

Na ce ka kusa, domin akwai ƙofa ta biyu, wato wayar wuta. Cire rediyon daga na'urar ba da wuta, ka jona shi da batir zalla. A shagunanmu da ofisoshin da muke zuwa, inbata, cajar sola, cajar waya mai araha da ƙwan fitila na zamani duk suna zuba hayaniya ta cikin waya da ta iska. Kashe su ɗaya bayan ɗaya kana kallon fitila. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa.

Akwai kuma tarko a ɗaya ɓangaren. A ƙaramar oba-oba ta hannu, sigina takan ɓulla ta allon rubutu ko ta tsagar gangar jiki, ta shiga ta eriyar da ke manne a kai. Ka cire eriya ta ɓace, ka ce ai daga waje take, alhali ta gida ce ta zagayo ta ƙofar gaba. Maganin wannan ruɗu shi ne ka fita da ita fili, nesa da gini da wayar lantarki. In ta bi ka da ƙarfi iri ɗaya duk inda ka tsaya, a jikinta take. Ko kuma ka jona eriyar da dogon kebul, ka nisanta ta da rediyon, ka ga ko ta ragu.

Wanda ke da maragin ƙarfi na desibel 10 yana da gwaji mai daɗi. Sa shi tsakanin eriya da rediyo. Sigina ta gaskiya daga waje za ta ragu da desibel 10 cif. In gauraye ce, wato manyan tashoshi biyu suka cika bakin rediyon har suka haifi ta uku a ciki, za ta faɗi da yawa, kusan desibel 30 a nau'in da aka fi gani. Wannan ya zama ruwan dare a ƙananan oba-oba masu araha idan aka kusanci gidan rediyon FM. Siginar gida kuwa, wadda ke shiga ta cikin fanel, ba ruwanta da maragin, ko motsi ba za ta yi ba.

In akwai wani rediyo iri ɗaya a kusa, sa masa tashar ka gwada. In shi ma yana yi, ƙirar ce haka, kuma hanyar magani daban ce. In naka ne kaɗai, wani abu ya lalace a cikinsa, ko wani ya taɓa shi.

Alƙalami kafin dalma

Nan ne zuciyar maganata, kuma in kun manta komai kada ku manta wannan. Kowace siginar bogi tana da uwa, kuma mitarta tana ɗauke da sunan uwar. Ɗauki takarda ka rubuta lambar kowane kiristal da ke kan fanel, ko ka duba littafin gyara. Sannan ka raba mitar tashar da ke da cuta da kowace lamba. Inda amsa ta fito cif, ko kusa da cif, ka kama zaren.

Ga misalai. Rediyo mai makaɗi na biyu 10.245: ninka shi sau 15, za ka sami 153.675, wadda tasha ce sosai da ake iya ba mutum. Kiristal ɗin ma'auni 12.8: ninki 12 ya ba da 153.600, ninki 13 ya ba da 166.400. Mai 14.4: ninki 10 ya sauka a kan 144.000, ninki 11 a kan 158.400. Mai 16.8: ninki 9 shi ne 151.200. Duk waɗannan suna cikin zangon 136 zuwa 174 da muke aiki a kai kullum.

In ba ka sami amsa a kan tashar kanta ba, gwada inuwarta. Kowane sufahet na da mita ta biyu da mahaɗinsa, wato sashen da ke haɗa siginar tasha da ta makaɗi na farko, ke karɓa, mai nisan mitar tsakiya sau biyu daga tashar. Matatar gaba ce ke tare ta in daga eriya ta zo, amma siginar gida ba dole ta bi ta matata ba, tana iya tsallakawa kai tsaye cikin mahaɗi. A rediyo mai 10.7 wanda makaɗinsa na farko ke ƙasa da tasha, inuwa na ƙasa da megahaz 21.4. Ninki 14 na 10.245 shi ne 143.430. Ƙara masa 21.4, ka sami 164.830. Ga cuta a kusa da 164.825, alhali babu ninkin da ya sauka a wurin kai tsaye. Haka kuma ka gwada mitar tsakiya kanta. In wani ninki ya faɗa a kanta, cutar za ta kama duk tashoshi ba zaɓe.

Halin siginar ma shaida ne. Ta kiristal ɗin ma'auni ba ta motsi da safe ko da rana, domin an yi shi ne ya jure zafi. Ta agogon furosesa takan ɗan yi rarrafe, saboda kiristal ɗinsa na gama-gari ne. Ta sashen sauya wuta kuwa mai kaushi ce, tana yawo, tana maimaita kanta a tazara ɗaya kamar haƙoran matsefi, kuma tana gusawa in ka ƙara sauti ko ka kunna fitilar allo. Akwai kuma wadda ninkin makaɗi na farko ke haifarwa idan ya gamu da ninkin wani: in ka gusa tasha da kilohaz 12.5, ita sai ta yi tsalle 25 ko fiye, domin da ninki take tafiya.

To mu koma Bompai. Tasharsu 154.825 ce. Na buɗe akwati, na karanta lambar kiristal ɗin da ke gefen furosesa: 7.3728. Na ninka sau 21 a bayan takardar sigari da mai gadi ya ba ni, amsa ta fito 154.8288. Tazarar ba ta kai kilohaz 4 ba daga tsakiyar tasha, wato a daidai bakin ƙofar matatar rediyo mai tazarar 12.5. Nan take na gane sirrin azahar. Kiristal ya gusa da kashi 10 cikin miliyan, wanda ba komai ba ne a wurin furosesa, ya zama kilohaz ɗaya da rabi a wannan ninki. Da sanyin safiya ɓarawon na raɓe a bakin ƙofa. Rana ta gasa rufin kwano, ɗaki ya ɗauki zafi, sai ya sa ƙafa ya shigo.

Kama shi da hannu

Lissafi zargi ne, sai an kawo shaida. Na jona janaretan sigina, na sa shi can ƙasa ƙasa ba tare da sauti ba, na riƙa gusa shi a hankali kusa da 154.828 har na ji fito ya fito daga lasifika. Siginata ce da ta ɓarawon ke karo, tazararsu ta zama sauti. Kafin in jona kuwa sai da na cire makirfo, kuma ina roƙonku ku riƙa yin haka. Danna maɓallin magana sau ɗaya da kuskure ya isa ya tura watt 25 cikin janareta ya ƙone shi, kuma kuɗinsa ya fi na rediyon goma.

Da fito ya tsaya, na kai ɗan yatsa kusa da ƙafar kiristal ɗin furosesa. Fito ya lanƙwasa. Na janye, ya dawo. Na taɓa kusa da sauran, bai kula ba. Shaida ta cika. Wanda ba ya son sa yatsa ya yi amfani da tsinken sukurdireba mai mariƙin roba, ko ya hura ɗan zafi da busar gashi, ko ya ɗiga ruwan sanyaya fanel, ya ji wanda zai sa fito ya motsa.

In ana so a san ta inda take ɓulla, ku yi wa kanku mashinshini. Yanki guntun kebul na eriya, fere bakinsa, lanƙwasa wayar tsakiya ta zama ɗan zobe kamar girman ƙwayar gyaɗa, ka liƙa bakinta a jikin saƙar waje da dalma, ka rufe da roba kada ya haɗa wuta. Jona ɗaya bakin da wani rediyo, ko ƙaramar na'urar duba zango irin tinySA, ko ɗan sandan nan na RTL-SDR da ake sa wa kwamfuta. Ka bi fanel da zoben a hankali, inda sigina ta yi tsalle nan ne tsagar. Amma ku yi hattara, mai kama ɓarawo ma yana da nasa ɓarawon: sandan RTL-SDR da kiristal mai 28.8 yake aiki, ninki 5 nasa 144.000 ne, ninki 6 kuma 172.800. Ku san tsuwar kayan aikinku kafin ku ɗora wa rediyon mutane laifi.

A Bompai ban ma buƙaci mashinshini ba. Da na duba da kyau sai na ga sawun dalma a kewaye da furosesa, murabba'i guda, babu murfinsa. Wani ya taɓa buɗe rediyon don gyaran maɓalli, ya ɗaga kwanon, ya ga rediyo na aiki ba tare da shi ba, ya yar. Cikin notunan da ke danne fanel da gangar jiki kuma biyu ba sa nan.

Magani

Ku fara da mai sauƙi. Mayar da kowane murfi, ka liƙe shi ta kowane gefe yadda aka yi shi tun farko, domin murfin da aka ɗana da ɗigon dalma biyu kawai yana iya zama eriya. Mayar da kowane noti. A rediyo noti layin ƙasa ne, aikinsa ya wuce riƙe fanel. Goge ƙananan yatsun ƙarfen da ke taɓa gangar jiki, domin ƙurar hunturu ta haɗu da raɓar damina da gumin hannu takan bar musu tsatsa. Duba faffadar wayar allon rubutu, ka tabbatar ta bi hanyarta ta asali, ba a jawo ta ta kwanta a kan sashen karɓa ba.

Daga nan sai kafasita. Masu ruwa a ciki zafinmu na busar da su, kuma regiyuleta in ya rasa kafasitarsa yakan fara kiɗan kansa. Ƙananan na tangaran da ke gindin furosesa sukan tsage in rediyo ya faɗi. In za ka sauya, sa mai daraja ɗaya, a wuri ɗaya, da gajeriyar ƙafa, domin a megahaz 150 doguwar ƙafa naɗi ce, ta kashe amfanin kafasitar. Wayar wuta ko ta makirfo mai ɗauko hayaniya a zura mata zoben ferait. In kuma siginar na yawo, tana sauyawa da ka kawo hannu ko ka sauya eriya, kuma ba ta dace da lissafin kowane kiristal ba, zargi taransistan ƙarin ƙarfi na gaba, mai yiwuwa shi ne ya koma makaɗi.

Akwai wadda ba gyara ke maganinta ba, domin da ita aka ƙera rediyon. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa Kenwood da Yaesu suka sa wa da yawa daga rediyonsu zaɓin gusa agogon furosesa kaɗan. Dabarar lissafin nan ne dai. Gusa 7.3728 da haz 500 kacal, furosesa ba zai ko lura ba, amma ninki 21 ya gusa da kilohaz 10.5, ya bar maka tasha. Sai dai ka duba inda ya koma. In sama ya tafi, ya sauka a 154.839, dab da tasha ta gaba, 154.8375. Saboda haka a kunna wa tashar da ke da cuta kawai, kada a kunna don neman tsari. In rediyon ba shi da wannan zaɓi, saura hanya biyu: a kawo wani samfuri mai lissafi daban, ko mai kaya ya nemi hukumar da ta ba shi lasisi ta sauya masa mita. Ba aikinmu ba ne mu gusa wa mutum tasha a ɓoye, mu jefa shi a gonar wani.

Abu ɗaya nake roƙonku kada ku yi. Kada ku ƙara matse takunkumi har fitila ta mutu, ku ce wa mai kaya an gyara. Ɓarawon na nan, kun dai toshe wa mai gida kunne ne. Wanda zai biya kuɗin wannan wayo shi ne mai gadin ƙarshen katanga, ranar da zai kira da gaske cikin dare.

A Bompai na yanko murfi daga wani mataccen rediyo irinsa da ke ƙarƙashin teburina, na liƙe shi zagaye, na mayar da noti biyu. Na ƙi karɓar kuɗi ranar, na ce sai mun ga azahar ta gobe. Washegari da rana tsaka, ɗaki kamar tanda, fitila a mace, muka sa na ƙarshen katanga ya kira, muryarsa ta fito har ana jin haushin karen da ke bayansa. Shugaban masu gadin ya ɗaga kai ya dubi sabon ƙarfen eriyar da suka kafa, ya tambaye ni ko akwai mai saye.

Don haka, ƙannena, gobe in an kawo muku irin wannan, ku sa matacciyar eriya tukuna, ku jona batir, ku ɗauki alƙalami ku raba mita da lambar kowane kiristal, ƙarfen dalma ya jira a kan mazauninsa har sai yatsa ya tabbatar da abin da takarda ta faɗa. Kuma duk abin da kuka kwance a cikin rediyon mutane, ku mayar da shi, ko da kun ga kamar ba ya aikin komai. Wanda ya sa shi ya yi lissafinsa kafin ya sa.

Na ga hannaye sun fara tashi, kuma akwai dattawa a gaba da suka fi ni ganin irin waɗannan. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda na yi kuskure ku gyara mini.